Tsakanin Kaka da Jika: Nazari a kan Hanyoyin Gargajiya na Sada Tsofaffi da Yara, da Misali daga Ƙofar Kware

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana yana nuna irin matsayin da Bahaushe ya ba tsufa tun asali, watau ya ɗauke shi a matsayin rumbun sani wanda ake komawa gare shi idan al'amari ya cije. To amma duk wanda ya zaga lungunan garuruwanmu a yau da idon basira, zai lura cewa zumar tana nan cikin gora, masu zuwa ɗiba ne suka yi ƙaranci.

Manufar wannan maƙala ita ce duba hanyoyin da al'adar Bahaushe ta tanada domin sada tsofaffi da yara da matasa, da yadda waɗannan hanyoyi suke raunana, da kuma yadda za a iya farfaɗo da su domin amfanin tsofaffin da ba su da mai kula da su, ko suna zaune a gidajen gajiyayyu na hukuma ko a ɗakunansu cikin unguwa. Na ɗauki unguwar Ƙofar Kware ta birnin Sakkwato a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, a nan na tashi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, tarihin wannan yanki yana ƙunshe da wani tsari na haɗa tsofaffi da yara wanda ya girmi duk tsare-tsaren da ake yayi a ƙasashen waje a yau.

2.0 Ƙofar Kware a Taƙaice

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809. Mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya tare a birnin a 1815, kuma a nan Allah ya yi masa rasuwa a 1817. An kewaye birnin da ganuwa, kuma ƙofofinsa takwas da aka sani su ne Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Aliyu Jeɗo da Ƙofar Dundaye.

Ƙofar Kware ta samo sunanta daga garin Kware da ke arewa da birnin, a kan hanyar Illela. A wannan gari ne Abdussalami ya yi zama har zuwa lokacin da saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Bello, aka ci garin da yaƙi a farkon 1818. Daga baya Kware ta zama ribaɗi a hannun Isa autan Shehu, wanda masu nazarin rubutattun waƙoƙi suka fi sani da Isan Kware. An haife shi ne bayan rasuwar mahaifinsa, saboda haka bai sami Shehu ba sai ta bakin manyansa, musamman yayarsa Nana Asma'u wadda ta girme shi da shekara ashirin da 'yan kai. Shi ne kuma ya mayar da wasu waƙoƙinta daga Fulatanci zuwa Hausa. Ashe ke nan sunan ƙofar kansa yana tuna mana mutumin da ya zama abin da ya zama ta hanyar zama kusa da na gaba da shi.

3.0 Matsayin Tsoho a Gidan Bahaushe

A tsarin zaman gandu, tsoho ba ya barin gida domin ƙarfinsa ya ƙare. Aikinsa ne kawai ke sauyawa. Idan ya ajiye galma, sai ya koma zaure yana tufkar igiya, yana sasanta rigima, yana lura da shige da ficen yara. Tsohuwa kuwa idan ta bar girki, sai ta zama uwar gida ta biyu: ita ke karɓar haihuwa ko ta tsaya a kan wankan jego, ita ke ba da magungunan yara, ɗakinta kuma shi ne mafakar duk yaron da ya yi laifi. Addini ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi, domin a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, an yi umurni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, aka hana ko da nuna musu ƙosawa. Akwai al'adu huɗu da suka ɗaure kaka da jika wuri ɗaya, waɗanda ya kamata mu dube su.

3.1 Wasan Kaka da Jika

Tsakanin uba da ɗa akwai kunya da nauyi, balle ma ɗan fari wanda iyaye ba sa ko ambatar sunansa. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Kaka mace takan kira jikanta namiji mijinta, ta riƙa tambayarsa kuɗin cefane, jikanya kuwa ta zama kishiya. Kaka namiji yakan kira jikanyarsa amarya, jikansa namiji kuma abokin takara. Mai kallo daga waje zai ɗauka raha ce kurum, amma idan aka lura za a ga wata hikima a ciki. Wannan wasa yana buɗe wa yaro ƙofar tambaya wadda kunya ta rufe masa a wajen iyayensa, shi kuma tsoho yana samun wanda zai yi dariya da shi a lokacin da tsararrakinsa suke ta ƙarewa.

3.2 Yaye da Riƙo

Idan lokacin yaye ya yi, galibi ɗakin kaka ake kai yaro. Sau da yawa yaron ba ya dawowa da wuri, wani ma a can zai girma. Haka nan idan tsohuwa ta zauna ita kaɗai, akan ba ta yarinya riƙo domin ta ɗebe mata kewa, ta yi mata aike da ɗiban ruwa. Ita kuma tsohuwar ta koya mata girki da kaɗi da ladabi, idan ta isa aure ta yi mata kayan ɗaki gwargwadon hali.

3.3 Suna

Bahaushe yakan mayar da sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ga abin da ya haifa, sa'an nan a sakaya sunan da laƙabi irin su Abba da Baba da Inna da Ummi. Yaron da aka yi wa haka yana da wata alfarma ta musamman a wajen takwaransa, ana kuma sa ran ya gaji halinsa.

3.4 Hira da Tatsuniya

Bayan cin tuwon dare, yara kan taru a ɗakin tsohuwa ko a tsakar gida. Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa ta zo mu ji ta, makaranta ta buɗe ke nan, ba za a tashi ba sai an kai ga ƙurunƙus kan kusu. A nan yaro ke koyon sarrafa harshe, da sakamakon haɗama daga halin kura, da na wayo daga halin Gizo. Kafin tatsuniya ko bayanta akan yi kacici-kacici da karin magana da salon magana mai karya harshe.

4.0 'Yan Taru: Wani Tsari da Aka Gada

Abin da muka ambata a sama duk a cikin gida yake faruwa. Amma a ƙasar Sakkwato an taɓa fitar da wannan hulɗa daga gida aka mai da ita ƙungiya. A wajejen ƙarshen shekarun 1830, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'yan taru domin ilimantar da matan karkara. Da yake matan aure ba sa barin ɗakunansu, sai ta dogara ga rukuni biyu da al'ada ta yarda su yi tafiya: tsofaffin mata da suka wuce haihuwa, da 'yan mata da ba su isa aure ba. Kowane ayari yana da shugaba da ake kira jaji, wadda Nana Asma'u kan naɗa ta hanyar ɗora mata malfa da ɗaura mata jan ƙyalle. Su kan tako da ƙafa daga ƙauyukansu, su hardace waƙoƙin da ta tsara na koyar da addini da kyawawan halaye, su koma su isar wa matan da ke cikin gidaje. Su kan zo kuma da sadaka ta hatsi da man shanu da zuma, wadda ake rabawa ga marasa lafiya da gajiyayyu. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi bayanin wannan tsari a littafinta na tarihin Nana Asma'u da aka buga a 1989.

Darasin da ke cikin wannan tsari a fili yake. Tsohuwa ba ta zama abin tausayi ba, ita ce malama kuma jagora. Yarinya kuwa ita ce ƙafa da ido da kaifin harda. Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa, kuma akwai aikin da ya haɗa su. Duk wani shiri da za mu yi a yau wanda ya rasa waɗannan sifofi, ziyara ce kawai za a kira shi.

5.0 Sauyin Zamani

Abubuwa da dama sun taru sun sassauta igiyar da ta ɗaure kaka da jika. Na farko shi ne rushewar gandu. Magidanci yakan ware da matarsa da 'ya'yansa ya koma sabuwar unguwa ko wani gari inda aiki ya kai shi, a bar tsofaffi a tsohon gida cikin birni. Na biyu, lokacin yaro ya rabu tsakanin makarantar boko da Islamiyya, daren da ya rage kuma talabijin da wayar hannu sun cinye shi. Na uku, tsadar rayuwa ta sa riƙo ya zama nauyi. Na huɗu, rashin tsaro da ya addabi gabashin Jihar Sakkwato tun wajen 2018, a ƙananan hukumomi irin su Rabah da Isa da Sabon Birni da Goronyo, ya koro jama'a da yawa zuwa birni, cikinsu har da tsofaffin da suka rabu da danginsu da gonakinsu.

Daga nan za mu iya kasa tsofaffin da ke cikin kaɗaici gida uku. Akwai waɗanda hukuma ta ajiye a gidajen gajiyayyu. Irin waɗannan gidaje ba su da yawa a ƙasar Hausa, wanda aka fi sani shi ne na Shahuci a birnin Kano, kuma har yau Bahaushe yana ganin abin kunya ne a ce nasa yana can. Akwai waɗanda ba su da kowa, suna zaune a ɗakunan aro ko a zaurukan masu hali, maƙwabta ke ciyar da su. Akwai kuma rukuni na uku wanda ba a cika lura da shi ba, watau tsofaffin da ke cikin gidajen 'ya'yansu, ana ba su ci da sha da sutura, amma a wuni babu mai zama ya yi hira da su.

Na san wata tsohuwa ta rukuni na biyu a lungunmu. Ta haifi 'ya'ya duk sun riga ta, mijinta ma haka. Da yake ba ta da kowa kuma takan yi magana ita kaɗai, sai yara suka soma gudunta, har wasu manya marasa tunani suna raɗe-raɗin maita, wanda shi ne ƙazafin da tsohuwa marar gata ta fi fuskanta a ƙasarmu. Mahaifiyata ce ta ɗora wa ƙanwata aikin kai mata tuwo kowane dare. Da farko takan ajiye kwano a bakin ƙofa ta ruga. Sannu a hankali ta fara zama, har ta kai ga sai an aika a kira ta. Ta dawo mana da tatsuniyoyin da ban taɓa ji ba, da sunayen kayan kaɗi irin su mazari da taskira da magurji da bakan shiɓa. Tsohuwar ta daina magana ita kaɗai, sauran yara kuma suka bi sahu. Lokacin da ta rasu ina ajin farko a jami'a, ina koyon yadda ake tattara adabin baka, amma ko sau ɗaya ban ɗauki muryarta ba. Wannan sakaci nawa yana cikin abin da ya sa na rubuta wannan maƙala.

6.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gano

Matsalar tsufa ba tamu ce mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kuma kai biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Tun a 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa.

Ƙasashen da suka riga mu gina gidajen tsofaffi sun tanadi gado da abinci da likita, daga baya suka gane cewa wannan bai wadatar ba, domin kaɗaici ciwo ne da allura ba ta maganinsa. Saboda haka suka shiga neman hanyar mayar da yara kusa da tsofaffi. A birnin Tokiyo na Japan, wata cibiya mai suna Kotoen ta haɗa gidan tsofaffi da makarantar rainon yara a fili ɗaya tun 1976. A garin Deventer na ƙasar Holan, gidan tsofaffi na Humanitas ya fara ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta a wajen 2012, bisa sharaɗin kowane ɗalibi ya ba da awa 30 a wata yana hulɗa da maƙwabtansa tsofaffi. A Landan kuma an buɗe makarantar rainon yara a harabar gidan tsofaffi na Nightingale a 2017. Tun kafin wannan, a 1963, wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke mai suna Robert Butler ya yi bayanin cewa yawan tuna baya da tsoho ke yi ba alamar ruɗewa ba ce, wata buƙata ce ta ɗabi'a wadda mutum ke bi ya daidaita lissafin rayuwarsa.

Mai karatu zai ga cewa abin da waɗannan mutane suka kashe kuɗi suka ƙirƙiro, shi ne abin da ɗakin kaka yake yi a gidan Bahaushe ba da ko kwabo ba. Abin takaici shi ne a ce su suna komowa inda muke, mu kuma muna hanzarin zuwa inda suka baro.

7.0 Ayyukan da Za a Iya Gudanarwa

Ga wasu ayyuka da ɗaliban Hausa da makarantu da ƙungiyoyin unguwa za su iya shiryawa, ko a gidan gajiyayyu ko a zaure ko a tsakar gida.

7.1 Daren Tatsuniya. A sami dare ɗaya a mako inda yara kaɗan za su taru wurin tsohuwa, ɗalibi yana ɗaukar murya. Ya kamata mu tuna cewa babban kundin tatsuniyoyin Hausa, watau Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa wanda Frank Edgar ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, ya samo tushe daga rubuce-rubucen da Razdan Burdon ya sa malamai suka yi masa a Sakkwato. Malamai maza ne suka rubuta su da ajami, alhali kuwa masu tatsuniya na ainihi mata ne. Muryar tsohuwa da karin harshenta da waƙoƙin da take sakawa a tsakiyar labari, waɗannan takarda ba ta kama su ba.

7.2 Tarihin Baka. Wanda yake da shekara tamanin a yau, saurayi ne lokacin da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Janairun 1966. Ya ga canjin hannun tuƙi a 1972, da shigowar naira a 1973, da farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, da rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988 bayan shekara 50 a kan gado. Littattafai sun faɗi abin da shugabanni suka yi a waɗannan lokuta, amma yadda talaka ya ji a jikinsa yana bakin tsofaffi. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya isa shaida a kan abin da ƙwaƙwalwar tsohuwa ɗaya za ta iya ɗauka. Baba ta rasu a 1951, watau da an yi jinkirin shekara biyu da ba a sami komai ba.

7.3 Sana'o'in Hannu. Kaɗi da saƙar faifai da tufka da ɗinkin hula da dukanci, wanda Sakkwato ta yi suna a kansa saboda fatar jar akuyarta, duk ana iya koyar da su a zaune. Amfaninsu biyu ne: hannun tsoho yana motsi, kuma kalmomin sana'ar suna wucewa zuwa ga yaro tare da aikin.

7.4 Waƙa. Waƙoƙin niƙa da na daka da na daɓe da na raino suna ɓacewa tare da ayyukan da suka haife su, tun da injin niƙa da siminti suka shigo. Tsofaffin mata ne kaɗai suka rage da su. Ga maza kuwa, sauraron faifan Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace yakan buɗe bakin tsohon da ya yi shiru, ya shiga warware zambo da habaici da sunayen mutanen da ɗalibi ba zai same su a ƙamus ba.

7.5 Musayar Ilimi. Tsoho ya koya wa saurayi karatun ajami ko wasan dara, saurayi ya koya masa yadda zai kira ɗansa da ke nesa ta waya ya ga fuskarsa. Wannan ya fi kusa da tsarin 'yan taru, domin kowa yana bayarwa yana karɓa.

7.6 Bukukuwa. A lokacin tashe, wanda ake farawa daga goma ga watan azumi, da yawon Sallah, a riƙa sa ɗakunan tsofaffi marasa dangi cikin wuraren da yara za su biya. Zumunta a ƙafa take.

Ga mai nazarin harshe akwai wata riba ta daban. Sakkwatanci na ainihi, irin na masu cewa shina zuwa da yat tahi da mi kac ce da biyat, yana ja da baya a bakin 'yan makaranta saboda tasirin daidaitacciyar Hausa da finafinai. Hirar da aka ɗauka daga bakin tsofaffi ita ce za ta zama hujjar masu nazarin karin harshe nan gaba.

8.0 Sharuɗɗa da Matsaloli

Kowane aikin alheri yana iya juyewa ya zama cutarwa idan ba a kiyaye ba. Sharaɗi na farko shi ne izini. A bi ta hannun mai unguwa da liman da mai gida, ko shugaban gidan gajiyayyu, sa'an nan a nemi yardar tsohon kansa kafin a kunna na'ura. Ɗalibai mata su shiga wurin mata, maza su tsaya a zaure.

Na biyu, kiyaye mutunci. Ya zama ruwan dare a ga masu kai taimako suna ɗaukar hoton gajiyayye da ƙullin shinkafa a hannu suna bazawa a duniya. Wannan tozartawa ce. Tsoho malami ne a wannan zama, a durƙusa a gaishe shi da Baba ko Inna ko Kaka kamar yadda aka saba, kada a katse shi, kada a yi masa gyaran Hausa.

Na uku, ɗorewa. Zuwa sau ɗaya ranar 1 ga Oktoba ko ranar Sallah a ɓace, ya fi rashin zuwa ciwo, domin an sa wa mutum rai an bar shi yana kallon ƙofa. Gara yara uku da za su zo kowane mako da mota cike da za ta zo sau ɗaya a shekara.

Na huɗu, kada ɗalibi ya ɗauki tsoho tamkar rijiyar da zai ɗebi ruwan kundin digirinsa ya wuce. A mayar masa da abin da aka ɗauka ya ji muryarsa, a ba iyalinsa kwafe, a kuma ajiye wani a sashe ko a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Abin da ya ce sirri ne, a bar shi sirri.

Na biyar, lura da lafiya. Tsoho yana saurin gajiya, wani ba ya ji sosai, wani tunaninsa ya fara rauni yana maimaita zance. A taƙaita zama, a yi haƙuri, kuma kada a kai yaro mai mura ko tari. Haka nan tuna baya yakan tayar da tsohon miki, musamman ga wanda ya rasa 'ya'ya ko aka kore shi daga garinsa. Idan hawaye ya zo, a kashe na'ura a zauna da shi.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, mai jin yunwa abinci yake so ba tatsuniya ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ciyarwa da magani hakki ne a kan dangi da hukuma da masu fitar da zakka. Sai dai misalin da na kawo a baya ya nuna cewa abubuwan biyu tare suke tafiya. Kwanon tuwo ne ya kai yarinya ƙofar tsohuwa, hira ce ta zaunar da ita. Wanda ake zuwa hira wurinsa kuwa, ba zai kwana uku da ciwo ba a sani ba.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa al'adar Bahaushe ta tanadi hanyoyin sada tsofaffi da yara ta wasan kaka da jika da yaye da riƙo da suna da tatsuniya, kuma a ƙasar Sakkwato Nana Asma'u ta ɗaukaka wannan hulɗa ta zama makaranta. Mun ga dalilan da suka raunana ta, da yadda wasu ƙasashe suke ƙoƙarin gina irinta daga tushe, da ayyukan da za mu iya yi da sharuɗɗansu.

Shawarata ga sashenmu ita ce a sanya irin wannan ziyara cikin darasin adabin baka, a raba ɗalibai bisa unguwannin ƙofofin nan takwas, kowane rukuni ya riƙe tsofaffi kaɗan har ƙarshen zangon karatu. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, ba sai mun jira sashe ba. Kowannenmu ya san wani ɗaki a lungunsu da aka daɗe ba a yi sallama a ƙofarsa ba, kuma na'urar ɗaukar magana tana cikin aljihunsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, sai dai in ya sauko ya zauna kusa da shi ya tambaya. Allah ya ba mu ikon yi tun masu amsawa suna raye, ya kuma ba mu masu zama da mu idan namu tsufan ya zo.